Lita Tara a Kullum: Yadda Hanjinka Ke Karɓar Ruwa da Gishiri, da Abin da Kwalara Ke Ɓatawa

Da za a tambaye ka ruwa nawa ke bi ta hanjinka a rana guda, mai yiwuwa ka lissafa abin da ka sha ne kawai: kofin ruwa, koko da safe, fura da rana, miyar tuwon dare. Duka-duka wajen lita 2 ke nan. To amma abin da ke ratsa ƙaramin hanjin baligi a kullum ya kai lita 8 zuwa 9. Sauran daga jikinka yake fitowa. Miyau kusan lita ɗaya da rabi, ruwan da ciki ke fitarwa don narka abinci kusan lita 2, ruwan matsarmama kusan rabin lita, na fankiriyas lita ɗaya da rabi, sannan hanjin da kansa ya ƙara lita ɗaya ko fiye. Ka tuna jinin da ke jikin baligi gaba ɗaya wajen lita 5 ne. Wato kullum jikinka yana zuba wa hanji ruwan da ya fi yawan jininka, bisa sharaɗin hanji zai dawo da shi.

Kuma yana dawowa da shi. Ƙaramin hanji ya tsotse kusan lita 7 da rabi, ya miƙa wa babban hanji kamar lita ɗaya da rabi, shi ma ya tsotse. Abin da ke fita a bayan gida bai wuce mililita 100 zuwa 200 ba, kamar cikin ƙaramin kofin shayi. Rance ne ake bayarwa da safe a karɓa da yamma, shi ya sa ba ka jin komai. Ranar da rancen ya ƙi dawowa kuwa, ita ce ranar da muke cewa mutum yana gudawa.

Wannan ba zancen aji ba ne ga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa illa. A watan Agustan 2025 ta sake ɓulla a garuruwan Bukkuyum irin su Nasarawar Burkullu, Gurusu da Adabka, a lokacin da rashin tsaro ya sa fita da mara lafiya zuwa asibiti, musamman da dare, ya zama abin tsoro. A irin wannan hali, abin da aka yi a gida cikin sa'o'in farko shi ke raba wanda zai kai asibiti da ransa da wanda ba zai kai ba. Kuma abin da ya kamata a yi ɗin yana da dalili, dalilin kuwa yana cikin bangon hanji.

Ruwa bin gishiri yake yi

Ka taɓa yanka tumatir ko albasa ka barbaɗa musu gishiri ka ajiye? Bayan ɗan lokaci za ka ga ruwa ya tsattsafo. Babu wanda ya matse su. Ruwa ne ke barin inda narkakkun abubuwa suka yi ƙaranci ya nufi inda suka fi yawa. Wannan ɗabi'a ita masana ke kira osmosis, kuma a kanta duk aikin hanji ya ginu.

Jikinka ba shi da famfon da ke tura ruwa kai tsaye. Abin da yake iya turawa shi ne gishiri. Gishirin da muke ci, in ya narke, yana rabuwa gida biyu: sodiyam da kuloraid. Akwai kuma wasu 'yan uwansu, potasiyam da bayikabonet. Su ne ake kira gishirin jiki, kuma da su jijiyoyi ke aika saƙo, tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa daidai. Duk inda jiki ke son ruwa ya je, sai ya tura gishiri can, ruwa ya bi baya. In yana son ruwa ya bar hanji ya shiga jini, sai ya ja sodiyam zuwa jini. In yana son ruwa ya fito cikin hanji, sai ya tura kuloraid cikin hanji. Riƙe wannan, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba daga nan ya fito.

Yadda cikin hanji yake

Ƙaramin hanji dogo ne, mita 5 zuwa 6, amma ba sumul cikinsa yake kamar tiyo ba. A naɗe yake, kuma an shimfiɗe shi da wasu 'yan tsirarrun yatsu miliyoyi, kowanne tsawonsa wajen milimita ɗaya, kamar gashin tawul. Kowace ƙwayar halitta da ke jikin yatsun nan ita ma tana da nata gashin da sai da madubin likita ake gani. Da za a warware duka a shimfiɗa, faɗin zai kai kusan murabba'in mita 30, ya fi ɗakin kwana biyu na gidajenmu.

A gindin waɗannan yatsu akwai 'yan ramuka. Aiki a rabe yake: saman yatsu shi ke tsotsa, ramuka su ke fitar da ruwa. A cikin ramukan ne kuma ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, su riƙa hawa sama har su kai ƙarshen yatsa su zube. Cikin kwana 3 zuwa 5 an sabunta shimfiɗar hanji gaba ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin gudawa ke tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki, muddin mutum bai bushe ba kafin lokacin.

Famfo da ƙofofi

Kowace ƙwayar halitta a bangon hanji fuska biyu gare ta, ɗaya na kallon abinci, ɗaya na kallon jini. A fuskar da ke kallon jini akwai wani famfo da ba ya hutawa: ya fitar da sodiyam uku zuwa wajen jini, ya shigo da potasiyam biyu. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Jens Skou, shi ya gano shi a 1957, kuma a kansa ya samu kyautar Nobel a 1997. Saboda aikin famfon nan, cikin ƙwayar kullum a yunwace yake da sodiyam. Da zarar an buɗe wata ƙofa a fuskar da ke kallon abinci, sai sodiyam ya kwarara ciki da kansa, kamar ruwa ya samu gangare.

Ƙofofin ba ɗaya ba ne. Akwai wadda sodiyam da kuloraid ke shiga a jere, ita ce ke aiki ko da babu abinci a hanji. Akwai kuma wata mai sharaɗi, wadda masana ke kira SGLT1. Wannan ƙofa kamar ɗan acaɓa ne da ba ya tashi sai fasinja sun cika: sodiyam biyu, da gulukos ɗaya, wato sukarin da jiki ke samu bayan ya narka tuwo, shinkafa ko sukarin shayi. In sodiyam ya zo shi kaɗai, ba a tafiya. In gulukos ya zo shi kaɗai, ba a tafiya. In sun haɗu, a shige da su tare, kuloraid ya bi, ruwa ya bi bayansu. Robert Crane, masani ɗan Amurka, shi ya fara bayyana wannan tsari a wani taro a birnin Prague a 1960. Akwai makamantan wannan ƙofa da ke ɗaukar sodiyam tare da narkakken furotin na nama, wake ko ƙwai.

A cikin ramuka kuma akasin haka ake yi. Akwai wata ƙofa mai suna CFTR da ke sakin kuloraid zuwa cikin hanji. Sodiyam ya bi kuloraid, ruwa ya bi su. Wannan ba cuta ba ce, aiki ne na yau da kullum: da shi ake dama abinci ya yi ruwa-ruwa don ya narke, da shi ake wanke ƙwayoyin cuta daga bangon hanji. A jikin mai lafiya ana buɗe ƙofar a rufe gwargwadon buƙata, kuma abin da yatsu ke tsotsa kullum ya fi abin da ramuka ke fitarwa.

Babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, shi ne mai tattara saura. Ya fi ƙaramin hanji ƙwarewa wajen tatsar sodiyam, kuma in jiki ya ji gishiri ya yi ƙasa, wani sinadari mai suna aldostiron yana ƙara masa ƙaimi. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a ciki suna ruɓar da dusar hatsi da ganye, abin da suke samarwa kuma yana taimaka wa tsotsar sodiyam da ruwa. Sai dai babban hanji yana da iyaka: ba ya iya karɓar fiye da lita 4 zuwa 5 a rana. Kuma yayin da yake jan sodiyam da kuloraid, yana sakin potasiyam da bayikabonet. Za ka ga muhimmancin wannan nan gaba kaɗan.

Abin da kwalara ke yi

Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Shi ya sa ta fi tashi da damina, lokacin da ruwan sama ke kwashe ƙazanta ya zuba a rijiya, tafki da gulbi, ko in ambaliya ta haɗe masai da rijiya, kamar yadda ake fargaba duk lokacin da ruwa ya ci gari irin na Gummi a watan Agustan 2024. Haka ma inda mutane suka baro ƙauyukansu suka cunkusu wuri guda, ruwa kaɗan, masai kaɗan.

Abin mamaki, ƙwayar ba ta shiga jini, ba ta kuma yi wa hanji rauni. Da za ka duba hanjin mai kwalara da madubi, za ka ga yatsun nan lafiya lau. Maƙalewa take yi a bango ta saki dafi. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da wannan dafi a 1959 a birnin Kalkata. Dafin yana shiga ƙwayar halitta ya maƙale makunnin da ke buɗe ƙofar CFTR, sai ta zauna a buɗe. Kuloraid ya yi ta zuba, sodiyam da ruwa na bi. A lokaci guda kuma ya toshe waccan ƙofa da sodiyam da kuloraid ke shiga a jere. Fitarwa ta ƙaru, tsotsa ta ragu, babban hanji ya cika ya kasa.

A mai tsananin kwalara, baligi na iya zubar da kusan lita ɗaya a sa'a guda, zawo fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Duk ruwan nan daga jini aka ɗebo shi. Jini ya ragu ya yi kauri, ido ya faɗa, murya ta dishe, fatar yatsu ta yamutse, fitsari ya ɗauke domin ƙoda ba ta samun jini. A jariri maɗiga ta lotsa, kuma wannan alamar bushewa ce, ba abin da za a shafa wa magani a ka ba. Asarar gishirin jiki, musamman potasiyam, ita ke kawo kasala, ɗaurewar tsoka, kumburin ciki a yara, har da rikicewar bugun zuciya. Asarar bayikabonet kuma ta sa jini ya yi tsami, ka ga mara lafiya yana jan numfashi mai zurfi da sauri. In ba a yi komai ba, mai tsananin kwalara na iya rasuwa cikin sa'o'i, kuma kusan rabin irin waɗannan suna iya mutuwa. In an mayar da ruwa da gishiri a kan lokaci, mace-macen ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Ƙofar da dafin bai taɓa ba

Ga inda ilimin nan ya zama ceto. Dafin kwalara bai shafi ƙofar SGLT1 ba. Ɗan acaɓan nan yana tsaye, fasinja kawai yake jira. In ka ba mai kwalara ruwa zalla, ba ka mayar masa da gishirin da ya rasa ba. In ka ba shi ruwan gishiri kaɗai, ƙofar da zai bi a toshe take, sai ya wuce ya ƙara zawo. In ka haɗa gishiri da sukari a ma'auni daidai, sai su shige tare, ruwa ya bi.

A 1968 likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, suka gwada wannan a Dhaka, suka nuna cewa masu kwalara da ake ba haɗin nan ta baki buƙatarsu ta ƙarin ruwa ta jijiya tana raguwa ƙwarai. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan leda ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos a manyan durom, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 3.6. Ka lura, a sansanin gudun hijira aka tabbatar da maganin nan, inda babu isassun likitoci, babu isassun kayan aiki. Don irin wannan yanayi aka yi shi.

Ƙunshin ORS da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 yana ɗauke da giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin potasiyam, da giram 2.9 na sitiret wanda ke gyara tsamin jini, duka a lita ɗaya ta ruwa. Shi ya fi, domin yana mayar da duk abin da aka rasa. Ka duba jikin takardar, wani na lita ɗaya ne, wani na rabin lita. In babu shi a kusa, ka haɗa na gida: ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ko ledar fiya wata biyu masu rabin lita. Ka ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Me ya sa ake nacewa a kan ma'auni? Koma kan tumatir ɗin nan. In sukari ya yi yawa, cikin hanji ya fi jini kauri, sai ruwa ya juyo daga jini zuwa hanji, zawo ya ƙaru. Wannan ne ya sa lemon kwalba ba maganin gudawa ba ne: sukari da yawa, gishiri kusan babu. Da wannan dabarar ma wasu magungunan wankin ciki ke aiki. In kuma gishiri ne ya yi yawa, zai iya taruwa a jinin yaro har ya jawo jijjiga.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, mai shekara 2 zuwa 10 a ba shi 100 zuwa 200, babba ya sha iya abin da zai iya. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba, cokali-cokali, sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Kada a daina ba da nono, kada a hana abinci: kunu, koko, fate, ayaba mai potasiyam, duk suna kai wa ƙofar nan fasinja, kuma suna ciyar da sababbin ƙwayoyin da ke hawowa daga ramuka. Yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye.

Ka san wani abu: ORS ba ya tsayar da zawo nan take. Mutane da yawa kan daina bayarwa don sun ga zawon bai tsaya ba, su koma kan Flagyl ko ja-da-yalo. Aikinsa shi ne ya mayar da abin da ke fita har jiki ya sabunta shimfiɗar hanji. A mai tsananin kwalara maganin kashe ƙwayar cuta yana rage yawan zawo, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, kuma bayan ruwa yake zuwa. Yawancin gudawar ƙananan yara ma ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, irin su rota, wadda ke lalata saman yatsun hanji, kuma waɗancan magunguna ba sa taɓa ta. Rigakafinta ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2022.

Akwai lokacin da gida ba zai iya ba. In mara lafiya ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya galabaita ba ya gane mutane, ko fitsari ya ɗauke, ko akwai jini a bayan gida, to sai asibiti, ana tafe ana ba shi ORS in yana iya haɗiya. Yaro mai tamowa kuma a kai shi da wuri, domin jikinsa ba ya jure sodiyam kamar na sauran yara, akwai haɗi na musamman da ake ba irinsu a asibiti.

Ƙofar da ba ta tantance baƙo

Yankin nan ya ga wani ɓangare na aikin hanji da ya kamata a ambata. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Ta yaya ƙurar dutse ta kai jini? Ta hanji. A farkon ƙaramin hanji akwai ƙofofin da ke karɓar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, waɗanda jiki ke gina jini da ƙashi da su. Dalma tana kama da su, sai ta bi ta nan. Yaro yana girma, ƙofofinsa a buɗe suke sosai, don haka yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da baligi ke tsotsa. In yana da ƙarancin jini ko cikinsa babu abinci, jiki ya ƙara buɗe ƙofofin, dalma ta ƙara samun hanya. Shi ya sa yaron da ke wasa a ƙasa yana kai hannu baki ya fi mahaifinsa mai fasa dutsen shiga haɗari.

Hanji ba ya tambayar daga ina abu ya fito, abin da ya dace da ƙofa shi yake shigarwa. Tantancewar tana hannunka: a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a nisanta masai da rijiya, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kafin a ba yaro abinci, a bar niƙan dutsen zinariya nesa da gida. Sannan kafin damina ta kankama, ka sayi ƙunshin ORS da ƙwayar zinki ka ajiye a ɗaki, ka kuma tabbata duk wani babba a gidan ya san yadda ake damawa. Kwalara takan fara ne ba tare da sanarwa ba, wani lokaci cikin dare, sa'ar da kemis a rufe yake kuma hanya ba ta biyuwa.